Littafin da Baffa Ya Ƙunshe Irin Albasa da Shi

Warin takarda idan tana ƙonewa daban yake da na kara ko na itace. Yana da wani ɗaci da ke tsayawa a maƙogwaro. Shekaranjiya maƙwabcina ya tara tsofaffin jaridu bayan katanga ya cinna musu wuta, ni kuwa ina zaure ina fama da zanen wata kuka da ta ƙi tsayuwa daidai. Da hayaƙin ya iso ni sai na ajiye fensir, don na san aikin ranar ya ƙare.

Ka ga, mai karatu, ni ne mutumin da ake gayyata makarantun firamare, a zaunar da shi a kujera mai hannu, a ce wa yara ga wanda ke rubuta musu littattafai yana zana hotunan ciki. Nakan gyara hula in yi fuskar manya. To amma ba a rasa wata malama da za ta tambaye ni littattafan da na fi so ina yaro, tana jiran in jero mata sunaye. A nan ake yin ta. Aji uku na yi a boko, na ukun ma rabinsa a durƙushe na yi shi a bayan aji, hannuwa sama. Har yau in zan karanta abu sai na bi shi da yatsa, leɓena na motsi kamar mai lazimi. Hotuna nake fara dubawa daga farko har ƙarshe, in gama ƙulla nawa labarin, sannan in dawo in ga ko mai littafin ya yarda da ni. Abin da nake rubutawa ma sai autata ta bi shi ta tsince duwatsun da ke ciki kafin ya fita gida.

Littafin da na fi so kuwa, ban san sunansa ba, ban san wanda ya yi shi ba, kuma ko kalma ɗaya ban karanta a cikinsa ba, don da Turanci yake. Warƙa tara kawai na taɓa riƙewa daga cikinsa, su ma na sata ne.

Gidanmu yana wani ƙauye kusa da Jandutsi. Babana ya fi zama a kudu wajen sayar da albasa, saboda haka gida yana hannun yayansa, Baffa. Dogo ne, ba ya dariya sai ranar sallah, tafin hannunsa kuwa kamar bayan kunkuru. Duka a gidanmu kamar ruwan indararo yake, daga sama yake gangarowa. Baffa ya daki manyan samari, samari su dake mu, mu kuma mu je mu huce a kan jaki. Jakin ma yana da karen da yake harbi. Ban ce maka ni salihi ba ne. Duk bangon da aka yi wa sabon yaɓe, gawayina na nan tafe. Na taɓa zana Baffa a jikin rumbu da kunnuwan jaki, kuma ba kunnuwan ne suka jawo mini ba, a'a, kowa da ya wuce sai da ya gane shi. Ranar da jiƙaƙƙiyar igiyar guga aka yi mini, kwana uku a rub da ciki nake cin tuwo. Wata rana kuma na karɓi ƙwarya daga hannunsa da hagu, ya buge mini yatsu da bakin ludayi har farce ya fita.

A shekarun nan ne aka yanke mu daga Sakkwato aka ce mun zama Kebbi, kowane mai takarda ya ɗaura ɗamarar neman aikin ofis. Kawuna, ƙanin Inna, yana koyarwa a Maiyama, shi ma ya tattara ya nufi Birnin Kebbi, ya bar mana wani kwali na takardu ajiya. Baffa bai ga amfanin takardar boko a kwali ba. Ya zaɓi littafin da takardarsa ta fi kauri da santsi, ya yayyage shi, ya ƙunshe irin albasa.

Bari in tsaya in yi maka bayani, don in ba ɗan wajenmu ba ne kai, ba za ka ga girman abin ba. Irin albasa baƙi ne ƙirin, ƙanana kamar kwarkwata, kuma duk kamarsu ɗaya. Na jar albasa da na fara ba su da bambanci a ido. Akwai albasar da ke jure ajiya, a jera ta a rudu, wato rumfar karan da muke adana ta, ta yi watanni har ta yi daraja. Akwai wadda in ba a kai ta kasuwa da wuri ba, sai ta narke ta zama ruwa mai wari. Sannan ga irin bana ga na bara, na bara kuwa rabinsa matacce ne, in ka yafa shi kamar sabo sai ka tashi da fangali fayau. Wanda ya rikita iri ya rikita shekarar gida duka. Baffa ya iya ajami, amma ya ce ba zai sa haruffan Alƙur'ani a takardar da za a yar a gona a tattake ba. Sai ya mayar da hotunan littafin su zama shaidarsa: mai kada iri kaza ne, mai zalɓe iri kaza. Wannan a kansa kawai yake, bai gaya wa kowa ba, balle ni.

Ni dai abin da na sani, wata hantsi ya aike ni ɗakinsa ɗauko buta, na tarar ya fito da ƙunshe-ƙunshen daga tukunya ya shanya a tabarma. Daga cikin wani lanƙwasasshen lungu na takarda, wani ido rawaya yana kallona. Idon kada ne. Ban taɓa ganin an zana abu har ya kalli mutum ba.

Ranar kasuwar Jega, da Baffa ya tafi, na shiga. Ka ji irin hankalin ɓarawon da ke ganin kansa gwani. Na tanadi takardar buhun siminti na yanka ta gida tara. Kowane ƙunshi na kwance shi a kan faifai, na juye irin a sabuwar takarda, ko ƙwaya ɗaya ban zubar ba, na kuma ɗaure kowanne da abin da na same shi a ɗaure. Wani da tsumman zane, wani da kaba, wani da zaren buhu, wani da robar tayar keke. Na mayar tukunya na rufe, ina cewa a raina ba wanda zai gane. Takarda mai launi tara ta zama ruwan ƙasa, wai ba wanda zai gane!

Sati uku na yi ina sarauta. Damina ta ja da baya, gero ya sunkuya, iska na kawo ƙamshin ɗanyen tumu da ake gasawa a gonaki. Nakan sulale bayan garka, ƙarƙashin wata tsamiya, in shimfiɗa warƙoƙina in danne kowace da tsakuwa. Labarin wani ɗan akuya ne fari mai baƙin kunne guda, wanda ya tsinke ya faɗa cikin kwalekwale, ruwa ya tafi da shi. Ya gamu da zalɓe, ya gamu da kada, ya ratsa ta ƙarƙashin gada, wasu mata masu wanki suka jefe shi. Da fari ban san wace ke gaba da wace ba, don Baffa ya yage gefen da lambobi suke. Sai na lura da igiyar wuyansa. A wata warƙa doguwa ce tana jan ƙasa, a wata ta ragu, a wata saura guntu. Mai zanen ya sa shi yana cin igiyarsa saboda yunwa, bai kuwa faɗa wa kowa ba, ya bar wa mai ido. Da tsawon igiya na jera littafina. A ta tara, igiya ta ƙare, ga ɗan akuya a kasuwa, wani ƙaton mahauci ya riƙe shi a ƙafa, wuƙa a ɗaya hannun. Daga nan babu sauran takarda. Kullum sai na juya bayanta, ko Allah zai sa wani abu ya tsiro.

Ranar da asiri ya tonu, da sassafe ne, an gama gyaran fangali za a yafa iri. Inna na dama kunu a murhu. Muka ji tukunya ta bugu da ƙasa, sannan muryar Baffa.

“Wa yash shigam min ɗaki?”

Ya jera mu a tsakar gida mu shida, ya fara daga babba. Bai tambayi kowa komai ba. Bulalar jaki ce, ta fatar sa, tana sauka kana jin ta kamar ana yage sabon yadi. Na farko ya sha, na biyu ya sha, jini ya tsattsafo a bayan rigarsa. Ni ina can ƙarshen layi ina lissafin ko hannun Baffa zai gaji kafin ya iso ni. Ka ji halina, 'yan'uwana na cin duka a kan laifina, ni ina auna gajiyar mai dukan. Na uku ɗan Baffa ne na cikinsa, sa'ana. A bulala ta biyu ya nuna ni da baki.

“Baba, shi na! Suna cikin jinkan rumbu!”

Baffa ya zaro warƙoƙin. Ya tsaya yana duban su a hannunsa, ya dubi ƙunshe-ƙunshen siminti da ke warwatse a ƙasa. Da ya ba ni numfashi ɗaya, da na gaya masa abin da zai cece mu duka. Bai bayar ba. Ya taka zuwa murhu ya cusa su ƙarƙashin tukunyar kunu. Na ga kada ya lanƙwashe ya yi baƙi. Ban san lokacin da na yi tsalle na kama hannun rigarsa na gantsara masa cizo ba.

Ya yar da bulala ya ɗauki ƙotar fartanya. Ta farko ta same ni a kafaɗa na faɗi. Ta biyu kaina ta nufa, na tare da hannun dama. Ƙarar da na ji irin ta busasshen karan dawa ce in an taka shi. Na duba na ga hannuna ya yi gwiwa a inda Allah bai yi masa gwiwa ba. Inna ta saki ƙara ta faɗo kaina, ta uku a bayanta ta sauka.

Sai ga Kaka, uwar su Baffa, ta fito da muciya. Tsohuwa ce da ba ta kai masa ƙirji ba. Ta ɗaga muciyar da hannu biyu ta sauke masa a goshi, fatar ta fashe, jini ya bi ta gefen hancinsa ya shiga gemu. Ta ƙara masa a wuya. Bai kare ba, bai matsa ba.

“Ka kashe min miji, kai ka aure ni?” in ji ta. “Ƙato da kai, ɗiyan ƙaninka!”

Daga nan ban ƙara sanin inda nake ba sai a bayan a-kori-kura, kaina a cinyarta, kowane rami na hanyar Aliero yana shiga cikin ƙashina.

Ka san Aliero ba albasa kaɗai ta iya ba, can ne gidan ɗori. Mai ɗorin da aka kai ni wurinsa wani dattijo ne mai sanyin murya, irin wanda za ka ce ko kaza ba zai iya yankawa ba. Ya shafa hannun yana tambayata ko ina son rake. Ina cewa e, 'ya'yansa biyu suka danne ni, ɗaya a ƙirji ɗaya a ƙafafu, shi kuma ya taka hammatata ya ja. Dukan Baffa wasan yara ne a kan wannan. Na zage shi, na zagi 'ya'yansa, na zagi raken. Ya yi tofi, ya shafa man shanu, ya jera karare ya ɗaure tam. Na ji yana gaya wa Kaka ƙashi zai kama, amma yatsun nan uku da ba sa motsi, wannan sai abin da Allah ya yi.

Aka ba mu wani ɗaki a gidan, ni da ita. Abin da ya fi ciwon damuna shi ne ɗan akuyana. Na ji yana zubewa daga kaina kaɗan-kaɗan, na fara mance ko kunnen hagu ne baƙin ko na dama. Sai na riƙa zama a bakin ƙofa ina zana shi a ƙasa da tsinke, da hannun da ya rage. Abin da ke fitowa ya fi kama da ƙwaɗo. Kaka na ɓare gyaɗa tana kallo.

“Maigida, wanga abu na anka karya ka dominai? Ai ko kyauta ban so.”

Na ji haushi, na ce mata ai ni ko yanzu na san kowane ƙunshi da hoton da ke kansa. Na kada da tsumman shuɗin zanen Inna aka ɗaure shi, na zalɓe da kaba, na gada da robar keke. Ta daina ɓarar gyaɗa. Washegari ta tare direban da ya kawo mu ta ba shi saƙo.

Kwana biyu a tsakani sai ga Baffa, da ƙulli a hannu, goshi ɗaure da tsumma. Daga baya na ji cewa ya sansana irin, ya tauna, ya jiƙa a ruwa, ya kai wa tsofaffin manoma, ba wanda ya iya rabewa. Maƙwabta duk sun yafa nasu har ya tsiro. Ya gaida uwarsa, ta amsa wa bango. Ya zauna a dokin ƙofa ya kwance ƙullin a gabana.

“An ce ka sani.”

Na ce na sani.

“In ka yi min ƙarya, ɗayan ma sai na karya shi.”

“Taɓa shi ka gani,” in ji Kaka, ba ta ko ɗago ba.

Ba zan ɓoye maka ba, shaiɗan ya zauna kusa da ni a ranar. Ƙunshi biyu kawai zan musanya, albasarsa ta ruɓe a rudu, in ga yadda fuskarsa za ta yi. Abin da ya hana ni ba kirki ba ne. Na tuna a tukunya ɗaya muke ci, kuma in tuwo ya ragu, nawa ake fara ragewa.

Na nuna na farko na ce wannan na kwalekwale ne. Ya ce kafin ya kai gida zai rikice, in sa masa shaida. Na ɗaga masa kararen da ke hannuna. Ya ce, “Yi da hagun.” Shi da kansa ya je murhun gidan ya zaɓo gawayi, ya feƙe shi da wuƙarsa, ya miƙo mini a hannun da ya taɓa fasa wa farce. Ya danne takardar da babban yatsansa don kada ta motsa.

Na ga dama ta samu, na ce ni ban iya tuna su sai a jere, kuma sai ina faɗin labarin. Ƙarya ce, amma ya zauna. Na zana kwalekwale, na faɗi yadda ɗan akuya ya tsinke. Na zana zalɓe mai ƙafa kamar muciya. Da na zo kan kada ya ce, “Wanga na ajiya na,” ya ware shi gefe da hannu biyu kamar jariri. Na nuna masa yadda igiya ke raguwa. Ya ce shi wata nawa yana juya takardun nan bai taɓa lura ba. Rana ta take tsaka, ta karkata, muna nan. Na zana mahauci da wuƙarsa a ƙunshi na tara, na ajiye gawayi.

“To, sai mi?” in ji shi.

Na ce ban sani ba, nan tawa ta ƙare. Sauran yana wurin wanda ya yage littafin.

Ya daɗe yana ɗaure ƙullinsa, yana kwancewa, yana sake ɗaurewa. Ya ce warƙar ƙarshe ya ƙunsa wa wani mutumin Maiyama iri da ita tun bara, amma ya ga hoton.

“Ba a yanka shi ba. Mahaucin ya dube shi, yag ga ɗan ƙanƙane na. Yaj ji kunya. Ya aje wuƙa, yas saɓa shi ga kahwaɗa yam maishe shi gida wurin uwatai.”

Bai dube ni ba da yake faɗa. Kaka ta ja tsaki, ta ce mahaucin dai ya makara. Ya tashi ya tafi. Bayan fitarsa na ga ya bar wani guntun takardar siminti da ba komai a ciki, da sauran gawayin. A kanta na zana ƙato ɗauke da ɗan akuya a kafaɗa. Shi ne hoto na farko da na yi wanda ban kwaikwayo daga ko'ina ba.

Albasa ta yi kyau a shekarar. Yatsuna uku ba su ƙara lanƙwasuwa ba, da dama nake cin tuwo a dabarance, da hagu nake neman sa. Baffa bai fasa duka ba, ya dai daina ɗaukar ƙota, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa ce mini in yi haƙuri ba.

Yanzu iri a gwangwani yake zuwa, da hoton albasa a jiki da rubutu, ba mai buƙatar kada. An kafa jami'a a Aliero, jikokin masu fangali na shiga da jaka a kafaɗa. Tsarana kuwa in mun haɗu a wurin suna sukan ce ai dukan da ne ya sa muka zama mutane, har su nuna ni a matsayin shaida. Nakan ɗaga musu hannun dama su gani da kyau. Abin da duka ya ba ni ke nan, ba ƙari. Saura duk na same shi ne a yinin da mutumin nan ya zauna a dokin ƙofa yana sauraron yaro.

Na yi shekaru ina neman littafin. Duk garin da na shiga sai na tsuguna gaban masu baza tsofaffin littattafai a bakin titi, ina tambayar wani mai ɗan akuya a kwalekwale, suna yi mini kallon taɓaɓɓe. Wata rana a Sakkwato wani ya ce kamar yana da shi a gida, in dawo gobe. Na kwana a garin, na yi sallar asuba, na nufi tasha na hau motar Jega. Ban taɓa jin Baffa ya yi ƙarya ba, kuma in ya yi guda ɗaya domina, ba ni ne zan je in kama shi ba.